Kunne Ya Girmi Kaka: Yadda Turanci Ya Shigo Birnin Kebbi da Argungu Tare da Labarin Birni

1. Gabatarwa

Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan tarihin ilmin zamani a Arewa sun fi mai da hankali ga makarantu, watau shekarar da aka buɗe wance, da yawan yaran da aka ɗauka, da littattafan da aka karanta. Wannan hanya tana da amfaninta, amma takan sa mai karatu ya zaci ta kan allo da takarda kaɗai Turanci ya shigo ƙasar Hausa. In an duba ƙasashen Gwandu da Argungu, waɗanda ke bakin fadamar Gulbin Rima, sai a ga al'amarin ya sha bamban. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna jin Turanci kafin su gan shi a rubuce, kuma kusan duk wanda ya kawo musu shi ya haɗo da wani kaya a cikin jakarsa, watau ra'ayinsa game da zaman babban birni, ko yabo ko kushe.

Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun wannan shigowa ta kunne, ta nuna shaidar da ta bari a cikin Hausa, sa'an nan ta fito da abin da malamin Turanci ya kamata ya lura da shi yau, da ya ke sauraron muryoyin mutanen manyan birane ya zama hanyar koyo a hannun kowane yaro mai wayar salula.

2. Birni da bariki

Kabawa ba baƙin birni ba ne. Tun farkon ƙarni na 16 Kanta ya fid da Kabi daga hannun Askiyawan Sanwai, ya zauna a Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta dutse suna nan har wa yau. Wajen farkon ƙarni na 18 sarautar ta koma Birnin Kebbi. Cikin 1805 rundunar jihadi, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta ci birnin, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya daga baya suka kafa sarautarsu a Argungu. Kusa da nan kuma ga Jega, wadda kasuwarta ta shahara a ƙarni na 19 wajen fatauci, har da na goron Gwanja. Sabo da haka mutumin wannan kwari ya san ganuwa da fada da kasuwa, ya kuma saba da zaman sauraron fatake suna ba da labarin garuruwa masu nisa.

Turawan Ingila sun sauka Argungu cikin 1902, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Bayan tawayen Satiru na 1906 Birnin Kebbi ta zama mazaunin Sarkin Gwandu. Da zuwansu sai aka sami wani irin mazauni sabo a bayan gari, wanda Hausawa suka kira bariki. Can ne Di'o ya ke, da akawunsa, da masinja, da kuku, da boyi, da 'yan sanda. Gwamnati ta wajabta wa Turawan mulki su koyi Hausa su ci jarrabawarta, domin haka talaka ba ya bukatar Turanci in zai yi magana da Di'o. Turanci ya zama wani sauti ne da a ke ji daga bayan ƙofar ofis, tsakanin Bature da akawunsa, wanda galibi mutumin Kudu ne.

Hausa kuwa ba ta jira ba, nan da nan ta yanke hukunci a kan sabon zaman. Aka ce wane ɗan bariki ne, watau ya bar tarbiyyar gida. Da ma can akwai ɗan birni, mai wayo wanda ba a amince masa, akwai kuma ƙauyanci, abin dariya. Ashe tun kafin yaro ya koyi kalma ɗaya ta Turanci, ya rigaya ya ji cewa harshen na mutanen bariki ne, kuma zaman bariki abu ne da a ke sha'awa a ke kuma tsoro.

3. Masu kawo labari

Mutane iri uku ne suka fi kawo labarin manyan birane cikin wannan yanki kafin samun mulkin kai.

Na farko su ne 'yan cin rani. Da an kau da amfanin gona sai samari su kama hanyar Kudu, su haye Kwara, waɗansu su nufi Ibadan da Ikko, watau Legas, waɗansu su zarce Kumasi da sauran garuruwan ƙasar da a yanzu a ke kira Gana. Wani masanin labarin ƙasa, R. Mansell Prothero, ya yi nazarin wannan tafiya ta mutanen Lardin Sakkwato bisa ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, aka buga rahotonsa a Kaduna, ya kuwa nuna cewa al'amarin ya game lardin. Waɗannan samari sukan sauka a zango ko a Sabo, inda Hausa ke ci, sabo da haka ba su koyo Turanci sosai. Abin da su ke kwasowa shi ne kalmomin tasha da na kasuwa da na dako, da ɗan Turancin buroka. Da ruwan fari ya faɗi sai su komo da tufafi da kuɗin haraji, da baki cike da labari. Wani ya ce Ikko ba ta barci, fitila ko'ina, kuma kowa ya tashi da safe ba ya kwana da yunwa. Wani ya ce gari ne da a ke sayen ruwan sha, a biya kuɗin wurin kwana, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba.

Na biyu su ne sojan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin yaƙin, Hausa ce harshen da a ke aiki da shi cikin sojan Nijeriya. Da aka faɗaɗa rundunar, aka kawo hafsoshi da yawa waɗanda ba su jin Hausa, aka kuma ɗauki mutanen Kudu, sai aka koma ga Turanci, aka shiga koya wa soja shi da baki. Runduna ta 81 ta tashi zuwa Indiya cikin 1943, ta 82 kuma cikin 1944, dukansu suka yi yaƙi a Bama. Mutumin da bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba sai ga shi ya shiga jirgin ruwa, ya ga Ikko, ya ga Bambai. Da aka sallame su bayan 1945, tsofaffin soja suka bazu cikin garuruwan Arewa, da yawansu suka zama direbobi da masinjoji da 'yan doka.

Na uku su ne sarakuna da 'yan boko. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, da Sarkin Gwandu Usman, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka ziyarci Ingila. A wannan shekara ce kuma Sarkin Musulmi Hasan ya ziyarci Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi masa bikin kamun kifi, wanda daga baya ya riƙa jawo baƙi masu jin Turanci zuwa bakin Matan Fada. Wanda ya san zaman fada ya san cewa tafiya irin ta Sarkin Gwandu ba ta ƙarewa ran da aka sauka: 'yan rakiya za su yi ta maimaita ta a zaure har ta zama ta kowa. Cikin 1943 Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A zamanin da masu karatun boko ba su da yawa, jarida da littafi ta kunne su ke isa ga jama'a: mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara.

4. Shaidar da ke cikin kalmomin aro

Ba a ɗauki muryar waɗannan hirarraki an ajiye ba, amma Hausa ta ajiye shaida mai ƙarfi cikin kalmomin da ta ara. In aka dube su da idon ilmin harshe za a ga abu biyu.

Na farko, siffarsu ta nuna an ji su ne, ba a karanta ba. A ɗauki direba, da mota, da kafinta, da lauya, da tela. Dukansu a rubutun Turanci suna ƙarewa da harafin r, amma Baturen Ingila ba ya furta shi a wannan wuri, Bahaushe kuwa ya bi abin da ya ji. Kada a ce Hausa ce ba ta yarda kalma ta ƙare da r, gama ga tebur, da fensir, da kofur, inda ita da kanta ta mai da l ta zama r. Kalmar laftanan ta fi kowace bayyana al'amarin: a rubutun "lieutenant" babu harafin f ko kaɗan, a bakin Ingilishi ne kawai ya ke fita. Haka kanar, wadda ta bi lafazin "colonel", ta bar rubutunta. A tafinta da lantarki an ya da gaɓar farko, domin ita ce murya ba ta dannawa, kunne bai kama ta ba. Samanja kalmomi biyu ne da bakin fareti ya dunƙule. Waɗansu kuma, kamar titi da sisi, sun biyo ta bakin Yarbawa kafin su iso, abin da ya dace da hanyar 'yan cin rani.

Na biyu, ma'anarsu. In an ware na soja da na mulki, mafi yawan saura kayan birni ne: tasha, da tikiti, da kwandasta, da gareji, da kwalta, da famfo, da otal, da kanti, da silima, da asibiti, da haya. Mutum zai iya kwatanta yinin baƙo a Ikko, tun daga saukarsa mota har kwanciyarsa, da waɗannan kalmomi kaɗai. Amma a harkar noman shinkafa a fadama, ko su da homa da gora, Kabawa ba su nemi aron kome ba. Watau Turancin da ya fara shigowa na sunayen abubuwa ne da ke can wani wuri, babu kalmomin da mutum zai bayyana tunaninsa da su.

5. Makaranta ta kama hanyar kunne

Makarantar da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da Hausar boko ta fara, haka kuma makarantun elementare na En'e suka bi. Sai yaro ya kai Midil, bayan gyaran tsarin ilmi na wajen 1930, ya ke shiga Turanci sosai, kuma ta Lardin Sakkwato a cikin garin Sakkwato ta ke. Malaman Midil kuwa daga Kwalejin Katsina su ke fitowa, wadda ta fara aiki cikin 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta cikin 1922, kafin a mai da ita Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949.

Abin da Katsina ta fi shahara da shi shi ne Turancin baki. Malaminta Gerald Power ya nace a kan lafazi, ya sa ɗalibai su saurara su maimaita har sautin ya zauna. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya biyo bayansa, suna cikin waɗanda suka fito daga wannan horo, kuma muryar Tafawa Ɓalewa ta zama abin misali har a ƙasashen waje.

Akwai dalilin wannan naci. Hausa tana da wasula 5 gajeru, da 5 dogaye, da tagwaye 2, watau ai da au. Turancin Ingila, bisa lissafin Daniel Jones, yana da wasula tilo 12, ban da tagwaye. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa ta ke cusa wasali a tsakani, kamar a burodi da fulawa. Ba ta bambanta p da f, ba ta da v, ba ta da sautin nan biyu da a ke rubutawa th. A Hausar yamma, wadda a ke yi a Sakkwato da Kabi, ratar ta ƙara faɗi, gama inda Bakano zai ce fari da tafi, nan hwari da tahi a ke cewa. Bugu da ƙari, Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da nata matsayi, Turanci kuwa yakan danna gaɓa ɗaya ya haɗiye saura. Duk waɗannan abubuwa babu wanda ido zai gani a kan takarda. Sai kunne ya bambanta su tukuna baki zai iya.

Wannan horo ya iso kwarin Rima ta hannun malamai. Misali sananne shi ne Malam Shehu Shagari, wanda ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya kuma riƙe shugabancin makarantar firamare a Argungu a farkon shekarun 1950, kafin a zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Ikko cikin 1954. Tafiyarsa ta ƙarfafa abin da yara suka rigaya suka fahimta, cewa Turanci hanya ce, kuma ƙarshenta babban birni ne.

6. Zamanin rediyo

Rediyo ya sauya al'amarin ta fuska ɗaya babba: ya kawo muryar mutumin birni da kansa, ba ta bakin mai ba da labari ba. An fara rarraba shirye-shiryen BBC ta waya a Ikko cikin 1935, Kano ta samu cikin 1944, amma wannan akwati na waya abin manyan garuruwa ne. Cikin 1943 BBC ta fara darussan koyon Turanci ta rediyo. Aka kafa gidan rediyon Nijeriya cikin 1951, sashen Hausa na BBC ya fara aiki cikin Maris 1957, Muryar Amurka ta fito da shirinta na Turanci mai sauƙi cikin 1959, wanda a ke karantawa sannu-sannu da kalmomi wajen 1,500, sa'an nan gidan rediyon Jihar Arewa ya buɗe a Kaduna cikin 1962. Abin da ya kai waɗannan muryoyi ƙauye shi ne ƙaramin rediyo mai batir, wanda ya yaɗu a shekarun 1960.

Sai dai rediyo ya raba masu sauraro biyu. Jama'a suka rungumi shirye-shiryen Hausa, har ya zama manomi a fadama ya san abin da ke gudana a Landan da Alƙahira ba tare da Turanci ba. Sauraron Turanci ya rage ga malamai da ma'aikata da 'yan makaranta. A cikin aji kuwa, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, yara suka yi yawa, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan, horon kunne irin na Katsina ya ja baya. Har ta kai a jarrabawar gama sakandare, ɓangaren da a ke kira na Turancin baki a kan takarda a ke amsa shi, yaro ya zaɓi amsa da fensir bai ji kome ba.

Cikin 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama babban birninta, ta cika da ma'aikata da baƙi. Daga 2001 wayar salula ta yaɗu a Nijeriya, intanet na waya ya biyo baya. Yanzu ɗalibi a Argungu yana iya sauraron mutanen Landan ko Niyok, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin abin da ya ke so da abin da ya ke ƙi game da zaman birninsu.

7. Abin da ya shafi malami

Irin wannan darasi yana da fa'ida ta gaske, kuma ya cike giɓin da aka ambata a sashe na 4. Mai faɗin ra'ayi ba ya rabuwa da waɗansu 'yan kalmomi: ina tsammani, na fi son, domin, amma, da a ce. In mutum shida suka amsa tambaya ɗaya, ɗalibi zai ji waɗannan sau da yawa cikin muryoyi dabam dabam, ya ji yadda a ke gwada abu biyu, da yadda a ke kawo dalili, da yadda a ke sassauta magana. Batun kuma ba baƙo ba ne gare shi, gama gardamar birni da ƙauye ita ce ya tashi yana ji a ƙofar gida, sabo da haka yana iya hasashen inda mai magana ya nufa, hasashe kuwa shi ne rabin fahimta.

Amma tarihin da aka bayar ya nuna haɗari biyu. Na ɗaya, birnin da mai magana ke nufi ba shi ne wanda ɗalibi ya sani ba. In Ba'ingile ya yi kukan cunkoso cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, yaro yana iya kama kowace kalma, ma'anar ta kuɓuce masa. Na biyu ya fi muni. Tun zamanin bariki Turanci yana zuwa ne tare da hukunci, cewa ci gaba yana can, nan kuwa baya ne. Yaron da ya haddace jimla ya haddace ra'ayin da ke cikinta, ran da aka tambaye shi nasa sai ya mai da na wani, da kyakkyawan lafazi.

Domin haka ya kamata malamin da ke horon malamai ya tsara darasin hawa huɗu. Da fari a ɗan tattauna batun da Hausa, a share abubuwan da yara ba su taɓa gani ba. Sa'an nan a saurara sau biyu ko uku ba tare da takarda ba, gama da an ba da rubutu ido zai ƙwace aikin kunne. Na uku, a sa yara su rarrabe abin da mai magana ya gani da abin da ya ke zato, watau labari dabam, ra'ayi dabam. Na huɗu, wanda shi ne maƙasudi, a juyo da tambayar gida: wanne ya fi, zama a Birnin Kebbi ko a Argungu, ko a ƙauyen da yaro ya fito? Me ɗan cin rani ke samu a Legas, me kuma ya ke bari a baya? Nan ne ɗalibi zai nemi Turancin shinkafa da kifi da ambaliya, ya ga cewa harshen yana iya ɗaukar kayan gidansu. Yana da kyau kuma a haɗa da muryoyin 'yan Nijeriya masu kyakkyawan Turanci, domin su ne zai fi haɗuwa da su.

8. Kammalawa

An nuna cewa a Birnin Kebbi da Argungu Turanci ya bi ta bakin ɗan cin rani, da tsohon soja, da ɗan rakiyar sarki, da malamin Midil, da akwatin rediyo, kuma kalmomin aro sun tabbatar da cewa kunne ne ya karɓe shi. An kuma nuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kawo shi tare da ra'ayi a kan birni. Akwai aiki guda da ke jiran ɗaliban sashen Hausa da na kwalejojin horon malamai, kamar ta Adamu Augie da ke Argungu: dattawan da suka yi cin rani a shekarun 1950 da 1960 suna ƙarewa, kuma hirarsu ita ce shaidar da ta rage. Ya kamata a ɗauki muryoyinsu tun suna raye, a rubuta kalmomin da suka komo da su da yadda su ke furta su, a ajiye domin masu nazarin harshe da na tarihi.